Ranar da Na Sa wa Teburin Baba Haruna Zarto

Akwai wata Talata a cikin Shawwal, kwanaki kaɗan bayan Ƙaramar Sallah, wadda har yau ta ƙi fita daga raina. A ranar ne na ɗauki zarto na yanka aikin da ni da maigidana muka shekara goma sha tara muna ginawa. Ku da kuka same ni a nan sashen gyaran lantarki, dattijo mai gyaran fitilu da makullan ɗakunan otal kawai kuka sani. Kafin nan wata sana'a nake yi, wadda yanzu ko sunanta aka faɗa sai an bi da bayani. Shekara ashirin da bakwai na yi ina gyaran ƙananan jiragen ƙasa a wani shago a unguwar Anbariyya, nan Madina.

Ba jirgin roba da ake saya wa yara a rumfunan Uhudu nake nufi ba. Waɗannan kwaikwayon jirgin gaske ne, an ƙanƙanta shi har kan jirgin bai wuce tsawon tafin hannu ba, amma komai nasa yana nan: ƙafafu, fitila, wurin zaman direba, har lambar da ke jikinsa. A cikinsa akwai ɗan inji. Wutar lantarki ta kan dogon take bi, ƙafafun su ɗauka su ba injin. Shi ya sa 'yar ƙura a kan dogo take tsayar da jirgi cak, wutar da ta yi yawa kuma ta ƙone injin nan take. Masu sayensu manya ne. Malaman makaranta, likitoci, 'yan fansho, da iyayen da ke cewa ɗansu suka saya wa, alhali kowa ya san wanda zai durƙusa a ƙasa yana wasa da shi.

Mai shagon sunansa Haruna. Larabawan layinmu Am Haruna suke ce masa, mu kuwa Baba. A nan Madina aka haife shi kamar ni. Kakanninsa daga ƙasar Katsina suka tako da ƙafa zuwa Hajji suka zauna, nawa daga Damagaram, kuma duka a unguwar Sih muke. Yana yaro a tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Anbariyya yake wasa, lokacin tana kango, tsoffin kawunan jirgi suna tsatsa a ciki. Daga nan abin ya shiga jininsa. Da ya girma ya samu hali, sai ya buɗe shago a wurin da in ka tsaya a ƙofa kana hango ginin tashar.

Mu uku ne a shagon, kowa da matsayinsa. Baba ne ke odar kaya daga dillalinmu na Jidda, shi ke magana da manyan abokan ciniki. Ni ne mu'allim, wato babban mai gyara, kuma sai da na shekara shida a gabansa kafin ya yarda a kira ni da wannan suna. Na ukunmu mai tsaron kanta ne. Ƙa'idar aikin ba ta canzawa: duk kan jirgin da aka saya, ba ya fita sai an ciro shi daga kwali, an ɗiga masa mai, an ɗora shi a dogo ya yi kwata na awa yana tafiya gaba da baya da taragai a bayansa. Sannan a rubuta kati da sunan mai shi da irin wutar da yake ɗauka, a ajiye a aljihun tebur, don in ya dawo bayan shekara goma mu san abin da ke hannunsa.

Wurin wannan gwaji shi ne teburin. Asalinsa katako ɗaya ne da zagayen dogo a kai. Wata rana Baba ya ce gwajin zai fi kyau in akwai hawa, sai muka yi tudu. Tudun ya nemi gada, gadar ta nemi kwari. A haka, bayan Azahar in ciniki ya lafa, muna ƙara wannan muna ƙara wancan, har teburin ya kai mita shida a tsawo, biyu da rabi a faɗi, ya cinye rabin shagon. A gefe guda mun gina tashar Anbariyya yadda take, da baƙin dutsenta da bakunan ƙofofinta. Baba da kansa ya riƙa zuwa yana ƙirga tagogi. A ɗaya gefen akwai dutse mai ja-ja irin Uhudu, da filasta muka yi shi. Tsakaninsu gonakin dabino ne, kowace bishiya da waya da zaren buhu na murɗa ta. A ƙarƙashin teburin kuwa wayoyi ne kamar saƙar gizo, ni kaɗai da Baba muka san inda kowace ta dosa.

Ranar Alhamis bayan La'asar majalisa ce. Mutum goma, wani lokaci sha biyar, kowa ya zo da kan jirginsa a ɗora masa a teburin. Ana shan shayi da na'ana'a, ana gardama a kan wane inji ya fi jan kaya. Cikin waɗanda ba sa fashi akwai Injiniya Garba, mutumin Zariya, wanda ke aiki da wani kamfanin gine-gine a nan. Mahaifinsa direban jirgin ƙasa ne a Najeriya. Yakan ce ƙarar ƙafafun nan a kan dogo ita ce ke mayar da shi gida ba tare da ya sayi tikiti ba.

Lalacewar ba a rana ɗaya ta zo ba. Abin da na fara lura da shi shi ne waya. Mutum zai shigo, ya tsayar da ni rabin awa: wanne ya fi, wanne ke hawa tudu, wace taransifoma ta dace da shi. In ciro, in gwada masa, in nuna masa cikin injin. Sai ya ɗaga wayarsa ya ɗauki hoton kwalin, ya ce, "In sha Allah zan dawo." Da farko nakan ajiye masa kayan a gefe. Daga baya na gane inda yake zuwa. Yana fita zai buga lambar kwalin a intanet, ya samu a farashin da ko mu dillalinmu bai ba mu a haka ba, a kawo masa har ƙofar gida.

Suna dawowa kam, amma da gawa. Wani ya sayo kan jirgin da ƙafafunsa ba su dace da dogonsa ba. Wani ya jona na ƙasar da wutarsu ta bambanta da tamu. Wata Alhamis Injiniya Garba ya jira kowa ya watse, sannan ya ciro wani abu naɗe a tawul. Tun kafin ya buɗe na ji warin ƙonewa.

"Malam Isiyaku, a taimaka a duba mini," ya ce, idonsa a ƙasa.

Irin kan jirgin da ke kan kantarmu ne, wanda na gwada masa wata biyu da suka wuce. Raina ya ɓaci. Na ce wa Baba a gabansa, ni dai a ganina duk abin da ba a nan aka saya ba, a mayar wa wanda ya sayar ya gyara.

Baba ya karɓi kan jirgin ya shinshina. Ya ce, "Jirgin ne ya zaɓi inda za a saye shi? Gyara masa."

Na gyara. Kwana uku ina naɗa wayar injin da hannu. Amma kuɗin gyara ba ya riƙe shago. Shekarar annoba, da aka kulle kowa a gida, har tsofaffin da ba su iya latsa waya ba jikokinsu suka koya musu oda. Da aka buɗe gari, mai kantarmu ne ya fara tafiya, don babu abin da zai tsaya yi. Sai dillalin Jidda ya daina kawo irin kayanmu, ya koma na'urorin wasan talabijin. Kantoci suka fara nuna katako. Nakan jera kwalaye a gaba-gaba don kada a ga ramin da ke baya. Majalisar Alhamis ba ta mutu ba, shayi ma sai da muka ƙara buta. Ciniki ne dai babu.

A cikin Rajab Baba ya faɗi a bakin shagon yana ƙoƙarin ɗaga ƙofar ƙarfe. Jalɗa ce, wato shanyewar ɓarin jiki. Ya yi sati uku a asibiti, ya fito hannun hagu da ƙafar hagu ba sa motsi, amma hankalinsa garau, maganarsa kuma tana fita ko da yake da nauyi. Harkar shagon ta koma hannun babban ɗansa, Faisal, wanda ke aiki a banki. Ina so ku fahimce ni, Faisal ba mugun mutum ba ne. Shi ke wanke mahaifinsa, shi ke ɗaga shi ya kai shi banɗaki. Yana jin Hausa sarai, sai dai in Baba ya yi masa magana da ita, da Larabci yake amsawa, kamar yawancin 'ya'yanmu.

Wa'adin hayar shagon ƙarshen Shawwal zai cika, lasisin baladiyya, wato hukumar gari, ma haka, kuma mai ginin ya riga ya yi magana da wasu masu son buɗe wurin shan gahawa. Faisal ya zo wata safiya cikin Ramadan ya ce, "Am Isiyaku, halas, an gama. Ba za mu sabunta ba." Ban yi musu ba, don na fi shi sanin ranakun da muke buɗewa mu rufe ba wanda ya sayi ko ƙusa.

Ya ɗauki hoton duk abin da ya rage ya sa a intanet. Cikin kwana tara aka kwashe kayan da suka shekara biyu suna kallonmu. Ni ne mai naɗewa da liƙe kwali. Masu kai saƙo suna tsayawa a ƙofa da mota a kunne, su haska lambar kwalin da waya su wuce, ba wanda ya taɓa tambayar me ke ciki. A jikin takardun na ga sunayen mutum huɗu 'yan majalisarmu. Gidan ɗaya daga cikinsu ma tafiyar minti goma ce daga shagon.

Sai ya rage teburin. A cikin shagon aka gina shi, ba a taɓa tunanin fitar da shi ba, kuma ƙofar ba ta kai faɗinsa ba. Faisal ya yi ƙoƙari. Ya je wani ofishi ya ce kyauta za mu bayar, aka ce ya rubuto takarda kwamiti zai zauna bayan hutun bazara. Ya tuntuɓi makarantu biyu, suka ce ba su da ɗakin da zai ɗauke shi. Na bi 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya yi salati, kowa ya ce haram ne a bar wannan aiki ya lalace, kowa kuma a gidan sama yake mai ɗaki uku. Da aka sa hotonsa a intanet, mutum biyu suka fito. Ɗaya daga Dammam, tashar kawai yake so. Ɗaya daga Riyad, dutsen da gadar. Tsakiyar, gonakin dabinon, ba mai so.

Baba bai san da wannan ba. Kullum tambayarsa teburin. Likita ya ce a kiyaye abin da zai tayar masa da hankali, don haka Faisal ya gaya masa cewa wata makaranta ta karɓa, za a cire gilashin gaban shagon a fitar da shi ɗungurungum. Ya roƙe ni in tsaya a kan wannan magana.

Ranar Sallah na je gaishe shi. Yana zaune a falo, an sa masa sabuwar riga. Bayan mun gaisa ya jawo ni kusa da hannunsa mai lafiya.

"Isiyaku, in za a ɗaga, mutum takwas, kada su gaza haka. A fara sa katako biyu a ƙarƙashi a tsaye. Kada kowa ya kama ta wajen dutsen."

"To, Baba."

"Wace makaranta ce ma?"

Na ce, "Faisal ya fi ni sanin sunanta."

"Amma ka ga wurin da za a sa shi? Ba rana a kai?"

"Ba rana, Baba," na ce. Na sha gahawata na fito.

Ranar Talatar na isa shagon da hantsi. Na sauke ƙofar ƙarfen zuwa rabi don kada masu wucewa su tsaya kallo. Na bi aikin daki-daki yadda aka koya mini. Na kashe wuta, na cire taransifoma. Na kwashe 'yan mutanen da ke tsaye a dandamalin tashar, da raƙuma, da fitilun layi, na zuba su a gwangwanin cakulan. Na tsige bishiyoyin dabinon da ke kan hanyar da zarto zai bi. Na ja layi biyu da fensir, ɗaya a bayan tashar, ɗaya a gindin dutsen. Na yi bisimilla na fara da na wajen dutsen. Filasta ta tashi fari fat ta cika shagon. Na yi kamar kamu biyu da yankan sai na ji ana buga ƙofar ƙarfe, ana ɗaga ta sama.

Injiniya Garba ne, yana turo keken guragu. Baba na ciki, a cinyarsa akwai ɗan kwali.

Daga baya na ji yadda aka yi. Injiniya ya ji cewa a satin nan za a ɗauke teburin zuwa makaranta, don shi ma abin da aka gaya masa ke nan. Sai ya ɗauki izini a wurin aiki, ya je Sih ya lallashi matar Baba, ya ɗauko shi don ya zagaya jirgi a teburinsa sau ɗaya kafin a tafi da shi. Kwalin da ke cinyar Baba kan jirginsa ne na farko, wanda yake ajiyewa a gida. Alheri mutumin ya nufa.

Zarton yana hannuna, haƙoransa a cikin katako. Baba ya dubi yankan, ya dubi tulin dabinon da na tsige, ya dubi kwalaye biyu da ke jingine a bango da adireshin Dammam da Riyad. Injiniya ya ce, "Inna lillahi," ya fara jan keken da baya.

"Tsaya," in ji Baba.

Ya juyo ya kalle ni. Sannan ya ce, "Ran Sallah ka sani?"

"Na sani, Baba."

"To."

Na ɗauka zai yi kuka, ko ya zage ni, ko jikinsa ya sake bugawa a nan. Sai ya ce wa Injiniya ya matsar da shi. Ya leƙa layin fensir ɗin da na ja a bayan tashar, ya bi shi da ido daga wannan gefe zuwa wancan.

"Wa ya ja wannan?"

"Ni ne."

"Shekara ashirin da bakwai. A nan katakon da ke riƙe da dandamali ya ratsa. In ka yanka a nan, tashar za ta buɗe biyu kafin a kai ta mota. Matsa baya taƙi ɗaya. Shiga ƙarƙashi ka fara cire jar wayar nan da ta tafi wurin sauya layi."

Ya yi gaskiya. Ni na kafa katakon da hannuna, amma ranar kaina ba ya aiki. Na goge layin na ja sabo. Daga nan har Azahar, shi ke faɗa ina yi. Ga inda za ka sa zarto, ga inda za ka tsaya ka ɗauki wuƙa, dogon nan kada ka yanke shi, zare shi daga mahaɗa. Ƙurar filasta ta sauka a gemunsa da rigarsa, Injiniya ya miƙo hankici, Baba ya ture hannunsa. Da aka kira salla Injiniya ya tura shi masallaci, na bi su a baya. Muka dawo muka ci gaba.

Wajen ƙarfe biyu Faisal ya shigo a guje, mahaifiyarsa ta kira shi a waya. Ya tsaya a ƙofa yana haki. Ya fara bayani: likita, kwamiti, mai gini. Tunda nake ban taɓa jin Baba ya yi wa ɗansa magana da Larabci ba. Ko a banki ya same shi da Hausa yake kiransa. Amma a ranar, da Larabci ya amsa masa, irin wanda ake yi wa baƙon da ya shigo tambayar farashi. Ya ce ya gode, aikin ya kusa ƙarewa, in akwai takardar da ake bukatar ya sa wa hannu a kawo. Faisal ya juya ya fita waje ya tsaya a rana.

Kafin La'asar teburin ya zama uku. Muka naɗe tashar da dutsen da soso da bargo. Tsakiyar muka fasa ta ƙanana don motar shara ta yarda ta ɗauka. Ni da Injiniya muka riƙa fitar da ita, Baba yana zaune yana kallo. Kwalin da ya zo da shi bai buɗe ba. Da za su tafi na durƙusa a gaban keken na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce wa Injiniya, "Mu je, na gaji."

Dutsen ya isa Riyad, ban sake jin labarinsa ba. Tashar kuwa bayan wata guda ta dawo. Mai sayen ya ce ba haka ya gani a hoto ba, kuma ƙa'idar kasuwar intanet ta ba shi damar mayarwa. Lokacin shagon ya riga ya zama na wasu, ana fentin bango, don haka mai kai saƙon ya kira lambata ya kawo mini gida. Na buɗe kwalin a tsakar falo. An jefa shi an kuma ɗora masa kaya a kai. Rufin ya burma, bakunan ƙofofin sun zama gari. Wurin da Baba ya ce in yanka ne kawai ya tsaya daram, ko tsagewa bai yi ba. Na yi kwana biyu ina dubawa ko zai gyaru. Bai gyaru ba.

Wata biyu ina zuwa gidan Baba duk Juma'a, ana ce mini yana barci. Ina jin muryarsa daga ciki. Bayan Babbar Sallah matarsa ta aiko aka ce in zo. Na same shi a kwance, ya rame ƙwarai. Na gaishe shi, ya amsa. Ban gaya masa tashar ta dawo ba, shi ma bai tambaya ba.

Ya ce, "Isiyaku, kana zaton don teburin nake fushi da kai?"

Kafin in amsa ya ci gaba.

"Katako ne da filasta. Tun ranar da dillalin Jidda ya daina ɗaukar wayata na san inda zai ƙare. Faisal yaro ne, tsoro ya ji, uba ɗaya gare shi. Amma kai abokin aikina ne. Da ka zo ka ce, Baba, ba mai karɓa, sai an yanka, da na ce maka to, mu zauna mu tsara. Da na kira 'yan Alhamis mun zagaya jirgi mun yi sallama kamar mutane. Sai ka zauna a falona kana ce mini ba rana a kai. A ranar na gane kai ma ka cire ni daga aikin, ka mayar da ni majinyaci."

Na ce, "Haka ne, Baba."

"Na yafe maka. Amma ina so ka san abin da na yafe."

Bai kai Ramadan na gaba ba. A maƙabartar Baƙi'a muka binne shi bayan sallar La'asar. 'Yan majalisa sun zo kusan dukkansu, kuma a wurin gaisuwa kowa yana faɗin yadda Madina ta yi rashin shago irin wannan.

Na daɗe ina jin haushinsu, har na zauna na yi wa kaina adalci. A shekarun nan na ƙarshe, in ina bukatar ɗan gawayin da ke kai wa inji wuta ko ƙafar da dillali ba shi da ita, ni ma a waya nake oda, in sa a kai gidan ƙanwata don kada Baba ya gani. Ba wanda ya yi niyyar kashe shagon. Kowa sauƙi ya bi, sau ɗaya, a kan abu ɗaya, yana ganin nasa bai kai ya yi illa ba. Abin da muke da shi na gaske sani ne, shi kuma kyauta muke bayarwa tare da shayi, kwalin da ke kan kanta ne ke biya. Da kwalin ya samu wata hanyar zuwa gidajen mutane, sai sanin ya tsaya ba mai ɗaukar nauyinsa. Wannan ba ni da maganinsa, kuma ban ga wanda yake da shi ba.

Abin da yake hannuna shi ne wanda na ɓata. Sana'a in za ta mutu za ta mutu, amma mutanen cikinta suna da haƙƙin a gaya musu da baki. In kun ga aikin wani dattijo ya zo ƙarshe, ko injin da ya saba da shi za a cire, ko shi kansa za a sallama, kada ku lallaɓa shi da labari don kuna tausayinsa. Ku je ku zauna a gabansa ku faɗa masa, ku bar shi ya sa hannu a rufewar. Ni na tausaya wa Baba Haruna na minti biyar a ranar Sallah, kuma wannan tausayin ya ci mini wata biyu daga cikin 'yan watannin da suka rage masa a duniya.